Wane Suna Za Mu Raɗa Wa Mugun Mulki?

Duk mai kunna rediyo da asuba, ko mai leƙa shafukan labarai a wayarsa kafin ya karya kumallo, da wuya rana ta fito ta faɗi bai ji an ce "cin hanci da rashawa" ba. Ɗan sanda ya karɓi ɗari biyu a shingen hanya, cin hanci da rashawa. Gwamna ya kwashe kuɗin ƙananan hukumomi na shekara huɗu, cin hanci da rashawa. An ba da kwangilar asibiti, an biya kuɗi duka, ciyawa ta cinye filin, shi ma cin hanci da rashawa. Kalmomin nan sun zama kamar rigar aro, kowa ya zo sai a zura masa, yaro da babba, siriri da ƙato. Saboda yawan ji, kunne ya daina jin zafinsu. Hukumomin da aka kafa don yaƙar abin suna faɗa, waɗanda ake tuhuma suna faɗa, har ɗan takarar da kowa ya san halin hannunsa yakan hau mumbari ya yi alkawarin kawar da shi, a tafa masa.

Wani zai ce me ya haɗa mujallar adabi da wannan magana. Abin da ya haɗa su shi ne suna. Hausawa sun ce suna linzami ne, kuma raɗa wa abu suna aikin masu alƙalami ne tun kafin ya zama na alƙali. Idan al'umma ta kira manyan laifuffuka goma da suna ɗaya, to ba za ta iya bambance wanda ya cancanci tsawa da wanda ya cancanci ɗauri ba. Don haka muke so mu baje kalmomin da ake siffanta gurɓatacciyar gwamnati da su, na aro da na gida, mu ga wacce ke cizo, wacce ta zama dasashi, da kuma inda harshenmu ya bar giɓi.

Kalmomin da suka zo daga waje

Turawa suna da wata ƙirar kalma da suka gada daga Girkanci: a ɗauko sunan wanda ke riƙe da ragama, a liƙa masa kalmar da ke nufin iko. Ta haka aka sami dimokuraɗiyya, wato ikon jama'a, wadda ta daɗe da zama 'yar gida a bakinmu. A kan wannan ƙira suka yi sunan mulkin masu kuɗi, da na tsofaffi, da na 'yan tsiraru. Biyu daga ciki su suka fi shafar zancenmu. In muka hausantar da su kamar yadda aka yi wa 'yar'uwarsu, sai mu ce kileftokuraɗiyya, mulkin ɓarayi, da kakistokuraɗiyya, mulkin waɗanda suka fi kowa lalacewa da rashin cancanta.

Amfanin waɗannan kalmomi shi ne suna nuna tsari gaba ɗaya. Akwai tazara mai nisa tsakanin a ce "akwai ɓarayi a cikin gwamnati" da a ce "ɓarayi ne gwamnatin". A ta farko, sata ɓaraka ce a jikin gini, ana iya liƙe ta. A ta biyu, don satar aka yi ginin, ma'aikatu da dokoki da jami'an tsaro duk hidimarta suke yi. Masanin zamantakewa Stanislav Andreski ya yi amfani da kalmar a wannan ma'ana a littafinsa na 1968 kan halin da Afirka ke ciki, kuma misalin da aka fi kawowa shi ne Zayar ta Mobutu, wanda ya riƙe ƙasar daga 1965 zuwa 1997, har aka rasa iyaka tsakanin aljihunsa da baitulmali.

Amma kafin mu rungumi kalmomin nan, ya kamata mu san daga bakin wa suka fito. Ita ta biyun, an fara ganin ta a rubuce a 1644, cikin huɗubar wani limamin coci mai suna Paul Gosnold a birnin Oxford, lokacin yaƙin basasar Ingila. Shi mai goyon bayan sarki ne, kuma 'yan adawar sarki yake jifa da ita. Marubuci Thomas Love Peacock ya sake ɗauko ta a 1829, mawaƙin Amurka James Russell Lowell ya yi amfani da ita a wata wasiƙa a 1876 yana kukan yadda dimokuraɗiyyar ƙasarsa ta lalace, sannan mujallar The Economist ta zaɓe ta a matsayin kalmar shekarar 2024 bayan zaɓen Amurka. Ke nan tun asali kalmar takan fito ne daga bakin wanda yake ganin mulki ya faɗa, ko zai faɗa, hannun waɗanda ya raina. Mu ma mun san irin wannan a gida. Masu riƙe da En'e a shekarun 1950 sun sha kallon 'yan NEPU a matsayin 'yan iskan gari da ba su san darajar manya ba. Duk wanda zai ce "mafi lalacewa ne ke mulki", sai a tambaye shi da wane mudu ya auna: da aikin da suka kasa, ko da gidan da suka fito?

Ita kuwa kalmar mulkin ɓarayi, an fi manna ta a goshin Afirka, alhali rumbun ajiyar yana wani wuri. Kuɗin da aka kwasa a zamanin Janar Sani Abacha, tsakanin 1993 da 1998, ba a Kano ko Legas aka tono su ba. A ƙarshen 2017 Suwizalan ta amince ta mayar wa Nijeriya dala miliyan 321, a 2020 kuma aka dawo da sama da dala miliyan 300 daga tsibirin Jersey. In ɓera da sata, daddawa ma da wari. Haka zancen yake ga laƙabin "jamhuriyar ayaba", wanda marubucin Amurka O. Henry ya ƙaga a 1904 bayan zamansa a Honduras. Laƙabin yana yi wa ƙaramar ƙasa dariya, ya bar kamfanonin waje da suka mayar da ita gonarsu suna gefe da farar riga. Kalmar aro takan zo da idon mai ita, kuma wannan ido ba kullum yake kallon inda ya kamata ba.

Rumbunmu na gida

In aka dawo Hausa, abin da za a fara lura da shi shi ne kusan komai a kan ciki yake tafiya. Cin hanci, cin amana, cin zali, cin haram. Handama, lamushewa, haɗiyewa, rub-da-ciki. Har alherin da ake jira daga gwamnati "romon dimokuraɗiyya" muke ce masa. Kuma da wannan aikatau ɗin dai muke cewa wane ya ci zaɓe, wane ya ci sarauta. Hawa kujera ci ne, abin da ake yi a kanta ma ci ne. Ba mu kaɗai ke da wannan ba. Bafaranshen nan Jean-François Bayart ya sa wa littafinsa na 1989 laƙabin "siyasar ciki", kuma daga bakin mutanen Kamaru ya ɗauko shi, inda ake cewa akuya tana kiwo ne a inda aka ɗaure ta. Da labari ya ɓulla a 2018 cewa wata ma'aikaciya a Makurɗi ta ce maciji ya haɗiye naira miliyan 36 na ofishinsu, an yi ta dariya, amma ko a ƙaryar ma ba a fita daga zancen haɗiya ba.

Ƙarfin waɗannan kalmomi shi ne kowacce da hotonta, kuma kowacce laifinta daban. Sama da faɗi shi ne a ba ka ajiya ka ɓatar. Kashe-mu-raba sai da mutum biyu, jami'i da ɗan kwangila, kowa ya san kasonsa tun kafin a sa hannu. Toshiyar baki kuɗin shiru ne, ana ba wanda ya gani. Aringizo ƙari ne a kan lissafi, ko na ƙuri'a ko na farashi. Babakere shi ne mutum ɗaya ya tare hanya ya hana kowa wucewa. Wasoso kuwa taron jama'a ne a kan abin da aka ga ba mai shi, kowa ya dumbuza ya ruga. A Nijar wannan kalma ta yi ƙarfin da har ta kutsa cikin Faransancin jaridun Yamai tun shekarun 1990, ana nufin rabon muƙamai da dukiyar ƙasa tsakanin waɗanda suka ci zaɓe. Duk ɗan jaridar da ya bar waɗannan ya tattara komai a "cin hanci da rashawa", ya yi kamar mai gidan da ke da lauje da gatari da fartanya, amma kullum da muciya yake fita gona.

Sai dai rumbun yana da rami, kuma a nan muke ganin babban haɗarin yake. Ci ba abin kunya ba ne, kowa yana ci. Saboda haka, in aka saurari ƙorafin jama'a da kyau, sau da yawa za a ji abin da ya ɓata rai shi ne "ya ci shi kaɗai". Wanda ya kwasa ya raba, ya biya wa 'yan unguwa kujerar Makka, ya aiko da shinkafa da azumi, sunansa mai alheri, mai hannun kyauta, bango majinginar bayi. Wanda ya riƙe ma'aikata shekara talatin ya yi ritaya a gidan haya, sai a ce bai yi wa kansa komai ba, bai yi wa 'yan'uwansa komai ba. Richard Joseph, a littafinsa na 1987 kan Jamhuriya ta Biyu, ya siffanta siyasar Nijeriya da cewa ana ɗaukar muƙami tamkar gandu da aka yanka wa mutum don ya ci da kansa da mutanensa. Harshenmu na yau da kullum ya amince da wannan ba tare da mun lura ba. Mun fi tsananta wa rowa a kan sata. Ga kuma jerin kalmomin yabo da ke jiran duk wanda ya yi nasara: ya haye, ya iya allonsa, kakarsa ta yanke saƙa, Allah ya tsaga da rabonsa. Tun muna yara a gindin tatsuniya muke tafa wa Gizo in ya damfari Zaki, kuma da alama ba mu daina ba.

Duk da haka Hausa ta nuna tana iya ƙera sunan tsari in ta ga dama. Dubi "tazarce". Kirarin magoya baya ce a 1998, lokacin da ake neman Abacha ya cire kaki ya ci gaba da mulki. Jama'a suka karɓe ta suka juya ta, ta koma sunan laifi. Ta tsallaka iyaka a 2009 lokacin da Tandja Mamadou ya sauya tsarin mulkin Nijar don ya ƙara wa'adi, lamarin da ya ƙare da juyin mulki a watan Fabrairun 2010. Yau ko'ina aka ji shugaba yana shafa tsarin mulki, kalma ɗaya ta isa. Haka "ɗauki-ɗora" da "siyasar ubangida" da "kama-karya". Babu kwamitin da ya zauna ya ƙirƙiro su, kuma babu wanda yake buƙatar ƙamus kafin ya gane su.

Sunan da ɓarawo ya raɗa wa kansa

Akwai wani rukunin kalmomi da ya fi duka wayo, shi ne wanda mai karɓa da mai bayarwa suka zaɓa da kansu. Na goro. Na cefane. Gaisuwa. Ihsani. Kuɗin mai. "A ga abin da za a yi wa yara." Duk kalmomin ladabi ne da zumunci, aka aro su aka lulluɓe ƙazanta da su. Wanda ya ƙi karɓar cin hanci mutumin kirki ne, amma wanda ya ƙi karɓar gaisuwa ya zama marar kunya mai mayar da hannun kyauta baya.

Wannan dabara ta tsufa. A cikin Kitabul Farƙi, wanda ake danganta wa Shehu Usmanu ɗan Fodiyo kuma Mervyn Hiskett ya buga shi da fassarar Turanci a 1960, an jero ɗabi'un sarakunan Hausa na wancan zamani ɗaya bayan ɗaya. Abin sha'awa ga mai nazarin harshe shi ne, littafin da Larabci aka rubuta shi, amma da an zo kan wata ɗabi'a sai a kawo sunanta na Hausa kamar yadda masu yin ta ke kiran ta: jangali, kuɗin gari, kuɗin salla, gaisuwa, da tawasa, wato naman da mai kula da kasuwa ke karɓa a hannun mahauta. An kuma bayyana yadda mai ƙara ke rasa gaskiyarsa in abokin shari'arsa ya riga shi kai kuɗi. Marubucin bai tsaya a kan cewa ana zalunci ba. Ya faɗi wanda ke karɓa, da abin da ake karɓa, da wurin da ake karɓa, da sunan da aka sa wa abin don ya yi daɗin ji. Fiye da shekara ɗari biyu ke nan, kuma a ganinmu har yau ba a fi wannan hanya ba. Ƙanensa Abdullahi ɗan Fodiyo ma, da ya ga wasu daga cikin sababbin shugabanni sun fara komawa ga abin da aka yaƙa, bai yi shiru ba, har ya bar rundunar ya nufi gabas a 1807, ya tsaya a Kano. Darasin da ke nan shi ne sauya masu mulki ba ya sauya ɗabi'a in an bar mata tsohon sunanta mai daɗi.

Kalmomin ofis na yau su ma irin wannan lulluɓi suke yi, sai dai da rigar ilimi. "Almundahana" daga Larabci take, daga tushen da ke nufin shafa mai, kuma aikin da take yi ke nan a kunne. "Karkatar da kuɗi" sai ka ce ruwa ne ya sauya hanya da kansa. "Badaƙala" tana nuna hayaniya ba tare da ta nuna mai laifi ba. A 2014 Shugaba Goodluck Jonathan ya sha suka da ya ce yawancin abin da ake kira rashawa sata ce kawai. An ɗauka yana rage girman laifin, ko da yake daga baya ya yi bayanin cewa kalmar ɓarawo ta fi zafi a kunnen jama'a. Ko me mutum yake gani game da gwamnatinsa, a wannan gaɓa ta harshe akwai abin dubawa. A yi ihun "ɓarawo!" a Kasuwar Kurmi a ga abin da zai faru. A yi ihun "mai almundahana!" a ga ko mutum ɗaya zai bar rumfarsa. Wanda ya ɗauki waya ɓarawo ne, wanda ya ɗauki kuɗin maganin jiha guda "ana zarginsa da hannu a badaƙala". Harshe ya riga kotu yanke hukunci, kuma ya sassauta wa babba.

Inda muka yi ƙaranci

Duk abin da muka lissafa a kan sata ne. In aka zo ga rashin iya mulki, sai rumbun ya yi ƙasa. Muna da sakaci, da gazawa, da ganganci, da riƙon sakainar kashi. Muna da "jeka-na-yi-ka" ga wanda aka naɗa ba a ba shi iko ba, da "'yan amshin shata" ga majalisar da ba ta musu. Amma ba mu da kalma mai nauyi da ke cewa: wannan mutum bai iya ba, ya san bai iya ba, ya nema, aka ba shi, mutane suka mutu. Gazawa a kunnen Bahaushe abin tausayi ce, kamar ta tsoho ko majinyaci. Shi ya sa muke da hanyar fita a shirye: shi mutumin kirki ne, na kusa da shi ne suka ɓata shi.

Adabinmu ya daɗe yana shayar da wannan tunani. A Magana Jari Ce ta Abubakar Imam, sarki adali ne, waziri ne maci amana, kuma da an kawar da waziri an naɗa aku, ƙasa ta zauna lafiya. Ba muna ɗora wa Imam laifi ba ne, ya rubuta abin da ya dace da labarinsa da zamaninsa a ƙarshen shekarun 1930. Amma wannan ƙira ta sarki nagari da mugun bafade ta bi mu har cikin rumfar zaɓe. Ba mu cika tambayar wa ya naɗa wazirin ba, ko me ya sa mai gida bai san abin da ake yi a zaurensa ba.

Alhali ɓarnar rashin iyawa takan kai ta sata, wani lokaci ta fi ta, kuma sau da yawa tare suke tafiya. A tsakiyar shekarun 1970, hukumomin Nijeriya sun yi odar siminti kimanin tan miliyan 20, a lokacin da tashar jiragen ruwan Legas ba ta iya sauke ko kusa da haka a shekara. Jirage sama da 400 suka yi cirko-cirko a teku a 1975, ana biyan su kuɗin jira, siminti yana daskarewa a cikinsu, sauran kayan masarufi sun rasa hanyar shigowa. Akwai masu cin riba a ciki, babu shakka. Amma akwai kuma manyan jami'ai da suka sa hannu ba tare da ɗayansu ya tambayi faɗin tashar ba. Kamfanin ƙarfe na Ajakuta, wanda aka fara ginawa a ƙarshen shekarun 1970 da taimakon Tarayyar Sobiyet, har yau bai kai ga aikin da aka gina shi dominsa ba. Wane suna za mu ba wannan? "Cin hanci da rashawa" bai rufe shi ba.

Abin mamaki, ma'anar tana nan cikin abin da kowane ɗalibin islamiyya ya sani. Hadisin da Bukhari ya ruwaito ya bayyana tozarta amana da danƙa al'amari ga wanda bai cancance shi ba. A wannan ma'auni, naɗa wanda bai iya ba cin amana ne, ko da bai taɓa kwabo ba, kuma laifin ya hau kan mai naɗawa da mai karɓa. Mu ne muka taƙaita "cin amana" ga kuɗi kaɗai.

In kuwa ana neman Hausar kalmar nan ta Girkanci mai wuyar faɗi, muna ganin tana cikin akurki. Baragurbi shi ne ƙwan da kaza ta kwanta a kai, ya sha ɗumi daidai da sauran, bai ƙyanƙyashe ba, ya ruɓe, in ya fashe kuma ya ɓata gurbin duka. Ya haɗa abu biyun da muke nema, rashin amfani da ɗoyi. "Mulkin baragurbi" ba ya tambayar gidan da mutum ya fito, abin da ya fito daga gare shi yake tambaya.

Ina marubutanmu?

Marubutan Afirka sun gwada hanyoyi daban-daban. Chinua Achebe, a littafinsa na 1966 kan wani minista mai farin jini, ya nuna cewa jama'ar da ake sata a kansu su ne masu tafi. Ayi Kwei Armah na Ghana, a 1968, ya ɗauki ƙaramin ma'aikacin jirgin ƙasa da ya ƙi karɓa, ya nuna yadda iyalinsa suka ɗauke shi sakarai. Ngugi wa Thiong'o, a littafin da ya rubuta da harshen Gikuyu yana tsare, ya shirya gasar ɓarayi inda kowa ke tashi ya yi alfahari da gwanintarsa. A Hausa ma an taɓa ɗaukar hanyar. Sa'adu Zungur ya sa wa waƙarsa suna da tambayar tsarin mulki, jumhuriya ko mulukiya, tun kafin 'yancin kai. Sulaiman Ibrahim Katsina ya shiga duniyar fasa-ƙwauri da haɗin bakin attajirai da jami'ai a Turmin Danya a 1982, ya kuma shiga siyasar jam'iyyu a Tura Ta Kai Bango a 1983.

Yau fa? A yawancin labaran da muke karantawa a waya, gurɓataccen ɗan siyasa yana nan, amma shi kaɗai ne, mugu tun daga shafin farko, da tumbi da jajayen idanu da boka a bayan gari. Ƙarshensa hatsarin mota ne ko shanyewar ɓarin jiki, sai kowa ya ce Allah ya isa ta kama shi, a rufe littafi. Ba mu ganin akawun da ya shirya takardar, da injiniyan da ya sa hannu cewa an gama aikin, da malamin da ya yi addu'a a walimar buɗe gida, da uwar da ta ce wa ɗanta kada ya yi wauta in ya samu dama. Abin da ya fi wannan damuwa shi ne ɗaya ɓangaren. Jarumin labarin soyayya sau da yawa ɗan minista ne ko ɗan gwamna, ga gida a Maitama, ga hutu a Dubai, ga mota ta kai wa budurwa kyautar zagayowar ranar haihuwa. Marubuciya za ta ɓata shafi uku tana siffanta falon, ba za ta ba da layi ɗaya ga inda kuɗin ya fito ba. Mai karatu ɗan shekara goma sha shida ya tashi da sha'awar gidan, ba tare da ya taɓa haɗa shi da asibitin garinsu da babu ko auduga ba.

Ba muna cewa kowane labari ya koma wa'azi ko takardar tuhuma ba. Labarin soyayya yana da haƙƙinsa. Abin da muke nema shi ne marubuci ya san kuɗin da ke cikin labarinsa kamar yadda ya san launin lefen amarya. In jaruminsa ɗan mai kashe-mu-raba ne, to ya sani, ko da jarumar ba ta sani ba.

Ga 'yan jarida da masu fassara kuwa, roƙonmu kaɗan ne. In sata ce, kuma kotu ta tabbatar, a ce sata. In zargi ne, a faɗi ainihin abin da ake zargi: nawa ne, na wane aiki ne, wa ya rasa me. In toshiyar baki ce kada a ce ihsani. In mutum ya kasa aikin da ya roƙa a ba shi, kada a ce na kusa da shi ne. A bar "cin hanci da rashawa" ta huta, a riƙa fito da ita a inda ta dace kawai, wato inda aka ba da wani abu don a sayi hukunci ko alfarma. Sauran wuraren kowanne yana da sunansa, kuma kakanninmu sun riga sun raɗa yawancinsu. Wanda ya rage ba a raɗa ba, aikin masu rubutu ne na wannan zamani, kuma muna sa ran ganin sa a labari ko waƙar da wani daga cikin masu karanta wannan zai aiko.